Muhawara: Wai Ƙasar da Aka Haƙe Kwal Za Ta Sake Zama Gona?

Ɗan Kumo: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Zancen da ake yi cewa in kamfani ya gama haƙar kwal zai cike rami ya gyara ƙasa ta koma gona, ni a wajena tatsuniya ce. Ku ɗauki Maiganga a ƙaramar hukumar Akko. Tun wajen 2007 ake kwasar kwal a can ana kai wa masana'antar siminti ta Ashaka, an tashi gari an sake masa matsuguni, ramin kuma buɗaɗɗe ne, daga sama ake yaye ƙasa har a kai ga kwal ɗin. Duk wanda ya ce min wata rana masara za ta yi goyo biyu a irin wannan wuri, ya kawo hujja. Ƙasar da katafila ta juye ta mutu. Sai dai a dasa mata 'yan bishiyoyi a ɗauki hoto.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, magana biyu ka cuɗa wuri ɗaya. Akwai "ba ya yiwuwa", akwai "ba a yi mana". Ta biyun ka riƙe ta, za mu zo kanta. Ta farkon kuwa ba haka ba ne, don an yi an gani.

Ɗan Kumo: A ina aka gani, Yaya? Kar dai ka ce Turai.

Injiniya: Turai ɗin zan ce, ai su ma da katafila suke haƙa. A yammacin Jamus, tsakanin Kolon da Aachen, akwai ramukan kwal na Hambach da Garzweiler, kowane ɗaya ya fi garuruwanmu da yawa faɗi. Kafin su taɓa kwal sai sun kwashe lallausar ƙasar noman da ke sama daban. Yayin da bakin ramin ke ci gaba ta gaba, ta baya ana cikewa, a shimfiɗa wannan ƙasar mai kaurin kamar mita 2. Ba a miƙa wa manomi nan take. Kamfanin ne ke noma ta da kansa shekara 7, ya fara da alfalfa, wata ciyawa dangin wake mai doguwar saiwa da ke buɗe ƙasa ta kuma bar mata taki, daga baya a bi da alkama. Sai ta farfaɗo sannan a raba wa manoma. Yau akwai gonakin da ake girbe alkama a kansu, alhali shekara 30 da suka wuce rami ne.

Sirrin duka yana ranar farko. Ƙasar saman nan, wadda ba ta wuce kamu ɗaya ba a yawancin gonakinmu, ita ce gonar. In aka kwashe ta daban, aka tara ta ba tsibi mai tsawo ba, aka shuka mata ciyawa don kar ruwa ya wanke ta, aka kuma mayar da ita da wuri, ƙasa tana dawowa. In aka bari ta haɗe da tsakuwa da yumɓun ƙasa, to nan ne maganarka ta zama gaskiya.

Direban Tifa: Injiniya, Allah ya taimake ka, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Na yi jigila a wani filin haƙa a wata jiha, ba namu na Gombe ba, sunan ba shi da amfani. Mai tuƙa eskabeta da yawan lodin da ya zuba ake auna aikinsa. Kana ganin zai tsaya yana tsince baƙar ƙasa daban, ja daban? Guga ɗaya yake kafawa ya ɗebo duka, ciyawa da kututture da dutse, ya antaya min a baya. Mu kuma mu je mu juye a tsibi ɗaya, kowa a kan na ɗan'uwansa. Ranar da aka ce masu duba aiki za su zo daga Abuja, tun asuba tankar ruwa ke zagaye tana yayyafa hanya don kar ƙura ta tashi, aka raba mana hular kwano da riga mai ƙyalli. Suna juya baya aka karɓe rigunan.

Ɗan Kumo: To ka ji. Gani ya kori ji.

Injiniya: Ai bai ƙaryata ni ba. Ya faɗi yadda ake kashe ƙasa, ni na faɗi yadda ake ceto ta.

Baba Sarkin Noma: Injiniya ɗana, na ji bayaninka, kuma na yarda akwai ilimi a ciki. Amma ina da tambaya. Gonar Bature alkama ce zalla daga nan har inda ido ya tsaya. Tamu ba haka take ba. A gonata akwai kaɗanya, akwai ɗorawa, akwai tsamiya, akwai gawo da dabbobi ke kwana ƙarƙashinsa da rani. Matan gidana daga man kaɗe da daddawa suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Kaɗanya ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara 15 zuwa 20. Wanda aka karɓi gonarsa yana da shekara 50, yaushe zai ci? In kun ce gona ta dawo, wace gonar kuke nufi?

Injiniya: Baba, wannan kam ba ni da ta cewa. Hatsi yana dawowa cikin shekaru kaɗan, itatuwan gado sai jikoki.

Baba Sarkin Noma: Kuma da na zaga wuraren da aka ce an gyara bayan ɗibar ƙasar titi, abin da nake gani darbejiya ce da turare. Don suna saurin girma, akuya ba ta damu da su ba. Amma wa ya taɓa yin miya da darbejiya?

Hajiyar Bukuru: Baba ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ku zo Filato ku ga ƙarshen wannan muhawara da idonku. Mu ba kwal aka haƙa mana ba, kuza ce, amma rami rami ne. Turawa sun fara tun farkon shekarun 1900, suka bar mana tafkuna birjik daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Tun ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin mulkin mallaka ta fara abin da ta kira gyara: a baje tsibin ƙasa, a dasa turare, wai bayan wasu shekaru ƙasar za ta yi kyau a mayar wa manoma. Da masu bincike suka zo suka auna bayan shekaru da dama, sai aka tarar ƙasar ƙarƙashin turaren tsami ta ƙara yi. Itacen girki da sandunan gini dai an samu.

Kun san waɗanda suka farfaɗo da ƙasar da gaske? Masu lambu. Su ne suka riƙa sayen tokar bola daga cikin gari, da kashin kaji da na shanu, suna zubawa shekara da shekaru, suna jawo ruwa daga tafkunan da injin ban ruwa. Kabeji da karas da latas ɗin da kuke ci ana cewa na Jos, da yawansu a gefen ramin kuza aka noma su. To ni ban ce ƙasa ba ta dawowa ba. Tana dawowa, amma da gumin talaka ta dawo mana, waɗanda suka kwashe kuzar ko kwabo ba su sa ba. Kuma har gobe duk uwa a unguwarmu in yaro ya daɗe bai dawo ba, tafki take fara tunani. Bakin ramin a tsaye yake, ba gangare, in ƙafa ta zame shi ke nan.

Ɗan Kumo: Hajiya, kin raba mana gardama ke nan, rabi nawa rabi na Injiniya.

Hajiyar Bukuru: Ban raba komai ba ɗana, labari na ba ku.

Matashi Mai Neman Aiki: Don Allah manya ku yi haƙuri in sa baki. Duk wannan maganar ta waɗanda suka ƙoshi ce. Siminti kowa na kukan tsadarsa, in aka hana kamfani kwal ya koma sayen baƙin mai ko gas, wa zai biya? Mu. Ga direbobi, ga masu gadi, ga masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Jihohinmu masana'antu nawa gare su da za mu riƙa korar wanda ya zo? Turawan da kuke misali da su sai da suka gina ƙasarsu da kwal tukuna suka fara wa'azin muhalli.

Malama Mai Kimiyya: Ƙanena, ba wanda ya ce a rufe ko'ina a nan. Amma tun da ka kawo lissafi, mu yi shi duka, har da abin da ba a rubutawa a jikin buhun siminti. Kowa na maganar ƙasa, ni ruwa ne ya fi tsorata ni, don ƙasa ana iya ɗebo wata a zuba, ruwa in ya ɓaci sai Allah.

Ga yadda abin yake. A cikin kwal da duwatsun da ke kewaye da shi sau da yawa akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinare, haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne ba ruwansa da kowa. Da an tono shi ya haɗu da iska da ruwan sama, sai ya riƙa haifar da asid, irin dai na ruwan batir amma tsinkakke. Wannan ruwan yana narkar da ƙarafan da ke cikin dutse ya kwashe su zuwa rafi. Za ka ga gindin rafi ya yi ja kamar tsatsa, duwatsu sun yi santsi, kifi ya ɓace, ko kukan kwaɗi ba ka ji da damina. Kuma ba ya tsayawa don an rufe ma'aikata. A Inugu an gano kwal a 1909, aka fara haƙa a 1916, ramuka irin su Onyeama da Okpara sun daɗe da mutuwa, amma ruwan da ke fitowa daga tsofaffin ramukan bai daina shiga koguna irin su Ekulu da tsaminsa ba. Tun ana aiki ma wannan ruwan yake cinye musu famfunan da suke zuƙe shi da su.

A Afirka ta Kudu akwai wani gari Carolina, a lardin Mpumalanga inda kwal ɗinsu ya fi yawa. A watan Janairun 2012 aka yi ruwa mai ƙarfi, ya kwaso tsamin ma'adinai ya zuba a dam ɗin da garin ke sha. Watanni mutane suna bin tankar ruwa, har sai da magana ta kai kotu.

Baba Sarkin Noma: Ashe dai ruwa ba ya tsami banza.

Malama Mai Kimiyya: Wallahi Baba, a nan kam karin maganar ta faɗa daidai. Amma in yi adalci: ba kowane kwal ke da farar wuta da yawa ba, wani wurin ƙasar kanta tana da abin da ke kashe tsamin. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ido, aunawa ake yi. Maganinsa kuma sananne ne: a binne dutsen mai tsami can ƙasa a rufe shi da yumɓu don kar iska ta same shi, a tara ruwan ramin a tafkin tacewa a zuba masa farar ƙasa kafin a sake shi. Kamfanin siminti kuwa farar ƙasa ita ce sana'arsa, shi ne na ƙarshen wanda zai ce ba shi da ita.

Ɗan Agadas: Sallama gare ku 'yan Najeriya. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu ma muna da namu kamfanin kwal, Sonichar, a Anu Araren kusa da Cirozerin. An kafa shi a 1975, tun farkon shekarun 1980 yake ƙona gawayin ƙasa yana ba da wuta ga Agadas da Arlit da ma'adinan uraniyum. Ku kuna gardamar masara, mu nan ba masara. Abin da makiyayi ke tambaya shi ne rijiya da wurin kiwo da hanyar raƙuma. Gawayin namu kuma toka gare shi da yawa, sai an sama mata wurin zubawa, iskar hamada kuwa kun san halinta. Abin da nake so ku lura da shi: ma'aikatar haƙar uraniyum ta Cominak a Akokan ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin sharar uraniyum kusan tan miliyan 20 da aka fara aikin rufewa. Ranar da aka buɗe ma'adini kowa na wurin, har da makaɗa. Ranar rufewa ita ce ya kamata a yi shawararta tun ba a kafa tanti ba.

Matashi Mai Neman Aiki: To ai kun ga, in ba Sonichar da Agadas na cikin duhu.

Ɗan Agadas: Haka ne ƙanena, ba mu ƙi wuta ba. Muna son wuta, muna son rijiya.

Barista: Jama'a na makara, ina kotu. Na karanta daga sama. Ɗan Kumo, kafin ka ce tatsuniya, ka san cewa abin da Injiniya ya faɗa kusan duka yana cikin dokarmu. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce kafin mai lasisi ya fara aiki sai ya gabatar da rahoton tasirin aikin ga muhalli, da kuma tsarin yadda zai kare wurin ya gyara shi, har da kiyasin kuɗin gyaran. Sashe na 121 ya kafa asusu na musamman da masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi don wannan aiki. Sashe na 116 ya wajabta yarjejeniya tsakanin kamfani da al'ummar da ke wurin, a kuma sake duba ta duk shekara 5. A ma'aikatar ma'adinai akwai sashe guda da aikinsa ke nan, sa ido kan bin ƙa'idar muhalli. Kowace jiha doka ta ce a kafa mata kwamitin ma'adinai da muhalli. Ga kuma NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a shekarar ta 2007. Takarda kam ba mu da talaucinta.

Ɗan Kumo: To me ya hana, ranka ya daɗe?

Barista: Haƙora. Dokar tantance tasirin muhalli tun 1992 take, kuma tarar da ta yanka wa kamfanin da ya taka ta ba ta wuce naira miliyan 1 ba.

Direban Tifa: Miliyan 1? Wallahi ba ta sayi tayoyin motata ba.

Barista: Ka gane ke nan. Sannan ma'adinai a ƙarƙashin tsarin mulki na gwamnatin tarayya ne. Lasisi daga Abuja, mai duba aiki daga Abuja ko ofishinsa na jiha mai ma'aikata ƙalilan, ƙura da ruwa kuma a ƙauye. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su ake kai wa kuka, alhali ba su da ikon dakatar da ko tifa ɗaya.

Injiniya: Nan ne nake son mu dubi Amurka, don su ma sun sha wannan wahalar kafin su gyara. A watan Agustan 1977 shugaban ƙasarsu Jimmy Carter ya sa hannu a dokar haƙar kwal ta sama da gyaran ƙasa. Abin da ya ba ta ƙarfi abu ɗaya ne: ba a ba ka izini sai ka ajiye jingina da za ta isa hukuma ta ɗauko wani ya gyara wurin in ka gudu. Kamar dai mai gidan haya da ke karɓar kuɗin ɓarna kafin ya ba ka makulli. Kuma ba a mayar maka da kuɗin lokaci ɗaya. Ka cike rami ka daidaita ƙasa, a sake maka har kashi 60 cikin 100. Sauran sai tsiro ya kama, an kuma jira shekara 5, ko 10 a yankin da ruwan sama ya yi ƙaranci. In gonar ta gari ce tun asali, sai amfanin da ta bayar ya kai na gonar maƙwabta da ba a taɓa ba. Ba hoton bishiya ake kai musu ba, buhu ake ƙirgawa.

Baba Sarkin Noma: Yawwa. Wannan ma'aunin na gane shi. A ba ni tiya da buhu, ni zan faɗa muku ko an gyara.

Barista: Injiniya, ka ƙarasa labarin mana, kar ka tsaya a inda ya yi daɗi. Dokar ta bar wata ƙofa: babban kamfani mai ƙarfi ana iya yarda ya tsaya wa kansa, ba sai ya ajiye komai ba, sunansa ne jinginar. Sai kasuwar kwal ta faɗi. Alpha ta durƙushe a 2015, Arch da Peabody suka bi a 2016, su ukun da alkawarin gyara na sama da dala biliyan 2 wanda ba kuɗi a ƙasa. A 2019 wani kamfanin, Blackjewel, ya rushe har ma'aikatansa suka tare layin dogo a Kentucky saboda albashinsu, filaye da yawa suka zama marayu. Tsofaffin ramukan da aka bari kafin 1977 kuwa, a 2021 sai da majalisarsu ta ware dala biliyan 11.3 daga kuɗin jama'a don ci gaba da gyaransu. Wannan Amurka ke nan mai kotuna da 'yan jarida.

Ɗan Kumo: Allah ya saka, Barista. Kun dawo kan maganata. In Amurka ta kasa, mu wa?

Injiniya: Ba ta kasa ba. Inda aka ajiye kuɗi a hannun wani, an gyara. Inda aka karɓi alkawari, an sha ƙasa. Darasin a fili yake, ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfani yana da kuɗi ne lokacin da kwal ke fita. Ranar da ya ƙare, ramin ya fi kowane lokaci girma, aljihun kuma ya fi kowane lokaci ƙanƙanta. Shi ya sa gyaran da na yarda da shi shi ne wanda ake yi ana cikin haƙa, kowace shekara a nuna kadada nawa aka buɗe, nawa aka rufe.

Malama Mai Kimiyya: Kuma ko Jamus ɗin taka, Yaya, ba a cike ramin ƙarshe. Kwal ɗin da aka ƙone ya bar giɓi, ba ƙasar da za ta maye shi. Hambach tafki za a mayar da shi, da ruwan kogin Rhine, kuma lissafinsu shekaru wajen 40 zai ɗauka kafin ya cika. A gabashin ƙasar kogin Spree har ja yake yi saboda tsatsar tsofaffin ramuka. Ke nan ko an yi komai daidai, wani yanki na gonakin ya tafi har abada.

Injiniya: Na yarda. Ban taɓa cewa duka ke dawowa ba.

Matashi Mai Neman Aiki: Ku dai kuna ta kawo sunayen garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Wasunku ma a gidan siminti kuke kwance kuna rubuta wannan.

Shugaban Zaure: Ɗana a sassauta harshe, akwai iyayenka a nan. Ra'ayinka a ji shi, gori ban da shi.

Matashi Mai Neman Aiki: Tuba nake, Baba. Amma a ba ni amsa.

Hajiyar Bukuru: Ni zan ba ka. Cike rami, jigilar ƙasa, renon dashe, ban ruwa, auna rijiyoyi, duk ba aiki ba ne? Da an tilasta gyara, da ɗaukar ma'aikata ya ƙaru, kuma irin aikin da ɗan ƙauye zai iya ne ba sai da digiri ba. Rashin gyaran ne ke cinye maka gurbi.

Liman: Allah ya yi muku albarka. Kalma ɗaya zan ƙara. Hadisi ya tabbata cewa ba cuta ba cutarwa. Malamai sun gina ƙa'ida a kai cewa cuta gusar da ita ake yi, kuma wanda ya jawo ta shi ke da nauyin gusarwa. Wanda ya haƙa rami a hanyar mutane wani ya faɗa, littattafan fiƙihu sun ɗora masa lamuni. Ba sabon abu Turawa suka zo da shi ba.

Barista: Allah ya gafarta Malam, haka yake. Ga wani abin kuma da ya sa nake cewa a nemi takarda tun yanzu. Kamfanoni suna sauya hannu. Ashaka ta koma ƙarƙashin Lafarge, a watan Disambar 2024 kuma aka sanar cewa Holcim, uwar kamfanin Lafarge, ta ƙulla cinikin sayar da kasonta na Lafarge Africa ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin. A doka, nauyin gyara yana bin mai riƙe da lasisi duk wanda ya saye shi. Amma al'ummar da ba ta riƙe da kwafin abin da aka yi alkawari, da me za ta tunatar da sabon mai gida?

Baba Sarkin Noma: Barista, bari in tambaye ka abin da ke cina tun ɗazu. A ce komai ya tafi daidai. An cike, an shimfiɗa baƙar ƙasa, masara ta yi. Gonar ta wa ce? Ta koma hannun wanda aka karɓa, ko 'ya'yansa?

Barista: Baba, ka yi tambayar da ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Sashe na 22 na dokar 2007 ya fifita haƙar ma'adinai a kan duk wani amfani da ƙasa, ya sa ta cikin abin da ake kira maslahar jama'a a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ma'ana gwamna na iya soke haƙƙin mai gona. Diyyar da aka saba biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. In an soke, ƙasar tana hannun gwamnati, kuma ba ta komawa ga tsohon mai ita kai tsaye don kawai an gama haƙa. Sai in an rubuta haka a yarjejeniya, ko gwamnati ta ga dama.

Baba Sarkin Noma: To fa. Ke nan ana iya gyara ta tas, a yanka wa wani mai babbar riga.

Barista: Ana iyawa.

Ɗan Kumo: Kun ga ni da na ce ba ta dawowa, ashe ko ta dawo ba lallai ta dawo gida ba. Ban janye ba, Yaya Injiniya, sai na ga kadada ɗaya a ƙasar nan da aka haƙe kwal aka mayar wa mai ita yana nomawa.

Injiniya: Ni ma ban janye ba. Amma wannan sharaɗin naka na karɓe shi, shi ne ma'aunin da ya dace.

Malama Mai Kimiyya: Kafin a watse, ga abin da za mu iya da hannunmu. Takardar gwajin tsamin ruwa ba ta da tsada, ana samunta a shagunan kayan kimiyya. Ruwan sha mai kyau yana tsakanin 6.5 da 8.5 a ma'aunin, in ka ga ya sauka 4 akwai magana. Zan iya koya wa ɗaliban sakandare biyu a kowane ƙauye su riƙa auna rijiya da rafi, sau ɗaya a ƙarshen rani, sau ɗaya a tsakiyar damina, a rubuta a littafi da kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu. Gwajin ƙarafa sai an kai ɗakin bincike na jami'a, amma wannan ma mafari ne. Ƙauyukan da ake shirin fara haƙa kusa da su su suka fi buƙata, don in ba ka da awon kafin a fara, duk abin da ka faɗa daga baya za a ce da ma haka ruwanku yake.

Barista: Ni kuma zan rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatar ma'adinai a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Abu uku zan nema game da Maiganga: tsarin gyaran da aka amince da shi, adadin da aka zuba a asusun gyara, da kwafin yarjejeniyar al'umma ta baya-bayan nan. Ina buƙatar ƙungiya mai rajista da za a rubuta da sunanta.

Baba Sarkin Noma: Ka ƙara na huɗu. A faɗa mana wanda za a ba ƙasar in an gama.

Barista: Na ƙara, Baba. Shugaba, a turo min takardar ƙungiya mai hatimi kafin Litinin.

Shugaban Zaure: Sakatare na ji. Direba, kai za ka kai ta Abuja in ka tashi lodi, ka tabbata an buga maka tambarin karɓa a kwafinmu.